Yadda ake haɗa wa amarya akwatin taimakon gaggawa a matsayin gudunmawar biki

Ranar da muka je jeren ɗiyar yayata, a wata sabuwar unguwa can bayan gari ta hanyar Dutsin-ma, na zauna a bakin gado ina ƙirga abin da aka tara mata na gudunmawa. Kulolin abinci saiti bakwai. Fulas ɗin shayi huɗu. Agogon bango uku, a gida mai ɗaki biyu da falo. Zannuwan gado kuwa sai da aka tura wasu ƙarƙashin gado don an rasa inda za a sa su. Ni ma cikin masu kawo kula nake, ban fi kowa ba.

Kwana goma sha biyu da tarewarta, tana suyar dankali da hantsi, kasko ya goce, mai ya kwaro mata a bayan hannu. Ango yana kasuwa. Maƙwabciyar da ta jiyo ihu ta shigo da gudu, baiwar Allah, ta yi iya abin da ta sani: ta lafta mata makilin, ta fasa ɗanyen ƙwai a kai, ta ɗaure da ɗankwali. Da aka kai ta asibiti da la'asar, sai da ma'aikaciyar jinya ta wanke duk wannan kwaɓin kafin ta ga ƙunar, yarinyar ta ce zafin wankin ya fi na zubar man. A duk gidan nan mai kula saiti bakwai ba a samu bandeji ko guda ba.

Tun daga lokacin na daina sayen kula. Duk bikin da ya taso a dangi ko a ƙawayen 'ya'yana, akwatin taimakon gaggawa nake haɗawa, kuɗinsa kuma bai cika wuce na anko ɗaya da ɗinki ba. Ga yadda nake yi.

Fara da tambaya kafin ki shiga kasuwa

Ki nemi aminiyar amarya ko ƙanwarta, wadda ta san cikinta, ki yi mata tambaya uku. Ina za a kai amarya? Da me za ta riƙa girki? Akwai wata lalura da ita ko angon suke fama da ita?

Amsar ita za ta gaya miki abin da za ki fi saye. Wadda za a kai cikin gari, wajen Ƙofar Soro ko Ƙofar Marusa, inda kemis yake a kowane lungu kuma surukai na kusa, ba ɗaya take da wadda za a kai sabuwar unguwa mai kangwaye da ciyayi ba, inda sai an yi tafiya kafin a ga mai Keke Napep. Mai girki da gas da mai girki da gawayi duk suna ƙonewa, amma ta gas tana buƙatar ƙarin bayani. Idan ɗayansu yana da olsa, ko asma, ko sikila, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, to wannan zai shiga takardar da zan yi magana a kanta, kuma zai hana ki saka wasu ƙwayoyi.

Idan kuɗin ya yi miki yawa, ku yi karo-karo ku uku ko huɗu. Abokan ango ma ga dama ta samu, su da kullum ba sa sanin abin da za su kai sai ambulan.

Akwatin kansa

Kada ki ɓata lokaci a nan. Roba mai kauri, mai murfin da yake kamawa tsam da hannun ɗauka, irin wadda ake samu wajen masu robobi a babbar kasuwa. Idan tana da 'yan rabe-rabe a ciki ya fi. Ban da kwali, tururuwa da damina za su gama da shi. Ban da kwaɗo, don ranar da ake buƙata ranar makulli zai ɓata. Ki rubuta "Taimakon gaggawa" da babban baƙi a murfi da gefe, yadda ko baƙo aka aika zai gane shi.

Akwai waɗanda ake sayarwa a haɗe a manyan shagunan magani, masu kyan gani. Buɗe ki duba kafin ki biya. Sau da yawa filasta ce 'yan ƙwarori da almakashin da ba ya yanka ko zare. Na fi son in sayi robar daban in cika da hannuna.

Kayan rauni, su ne zuciyar akwatin

Mutane da sun ji an ce akwatin magani sai tunaninsu ya tafi kan ƙwayoyi. Alhali abin da ke samun amarya a shekararta ta farko yanka ne da ƙuna da targaɗe: sabuwar wuƙa mai kaifi, sabon risho da ba ta saba da shi ba, tayil mai santsi an yi mofin. Saboda haka kashi biyu cikin uku na kuɗinki a nan zai tafi.

Abu na farko goz, wato farin ƙyallen asibitin nan mai raga-raga. Ki nemi wanda aka rufe ɗai-ɗai a takarda, wanda hannu bai taɓa ba, kamar guda goma. Shi ake dannawa a kan yanka, shi ake rufe ciwo da shi. Auduga da muka saba da ita ba ta dace da buɗaɗɗen rauni ba, tana manne wa tsoka, ranar cirewa a sha kuka. Ki saka ƙaramin ƙunshi ɗaya dai don goge gefen ciwo.

Sai bandeji iri biyu. Farin na naɗawa guda uku, don riƙe goz a wurinsa. Mai talewa, wannan mai ruwan ƙasa da 'yan ƙwallo ke ɗaurawa, guda biyu, don targaɗe. Filasta kwali ɗaya mai girma daban-daban, da filastar naɗi guda ɗaya. Akwai kuma ƙyalle mai kusurwa uku na rataye hannu a wuya, wanda ba sai kin saya ba: ki sami farin yadi mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, tela ya raba shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya kalmashe bakin, kin sami biyu. A wanke, a goge da dutsen guga mai zafi, a sa a leda.

Ƙananan kaya: almakashi mai kaifi, hantsaki na cire ƙaya ko kwalba, fil mai makulli irin na maƙale mayafi guda shida, safar hannu ta roba kamar ƙafa biyar, sabulu sabo a takardarsa, da ƙaramar tocila. Tocilar kada ki raina ta. Hatsari ba ya jiran a kawo wuta, wayar da za a haska da ita kuma ita ake kiran mutane da ita.

Na wanke ciwo, ruwa mai tsabta da sabulu sun isa mafi yawan lokuta. Ki ƙara da kwalbar aidin ɗaya, mai ruwan ƙasa da ba ya raɗaɗi sosai. Sifirit kuwa na goge almakashi da hantsaki ne, ba na tsiyayawa a cikin rauni ba. Yana ƙona tsoka, yana kuma kama wuta, don haka idan kin saka shi ki faɗa mata. Dettol da Savlon ba a zuba su tsura a jiki, sai an sirka kamar yadda aka rubuta a kwalbar.

Abu na ƙarshe a wannan rukuni zai ba ki mamaki: ledar nan mai laushi da ake naɗe abinci da ita kafin a sa a firij. Naɗi ɗaya sabo. Bayan an sanyaya ƙuna da ruwa, ita ake shimfiɗawa a kai sakwa-sakwa kafin a tafi asibiti. Ba ta manne wa ciwo, tana tare ƙura, likita kuma yana ganin wurin ba sai ya ɓare komai ba.

Magunguna: kaɗan, waɗanda aka san kansu

A nan hannuna a matse yake, da gangan. Dalilin kuwa ko ban faɗa ba kin gane: amarya takan ɗauki ciki ta yi makonni ba ta sani ba. Duk abin da za ki saka, ki ɗauka mai juna biyu ce za ta sha shi.

Farasitamol, na 500mg, kati biyu. Babba yana shan ɗaya ko biyu, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24. Wuce haka yana lalata hanta, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Ki rubuta wannan a jikin kwalin da biro.

Gishirin ORS, wanda ake narkawa a sha don mayar da ruwan jiki, kamar ƙunshi shida. Wannan shi ne abu mafi arha a akwatin, kuma a ganina shi ya fi ceton rai, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Yawancin waɗanda ake sayarwa ana narka ƙunshi ɗaya a ruwa lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu, amma a karanta jikin takardar. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Idan ya ƙare cikin dare, ana haɗawa a gida: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe ba a tula ba, gishiri rabin ƙaramin cokali. Gishirin kada ya wuce haka.

Sai maganin ƙaiƙayi da borin jini kati ɗaya, ki gaya wa mai famasi wa za ki ba, ya zaɓa miki, ki tambaye shi ko yana sa barci. Ruwan kalamin na shafawa, don ƙurajen zafi da cizon ƙwari. Basilin ƙarami, don fason ƙafa da tsagewar leɓe da hunturu. Ma'aunin zafin jiki mai batir, ba na kwalba mai ruwan azurfa a ciki ba, wanda in ya fashe guba ne. Idan aljihu da nauyi, na'urar awon hawan jini ta ɗaurawa a damtse kyauta ce da za ta yi shekaru tana amfani, har uwar miji in ta zo kwana biyu ta mora.

Yanzu ga waɗanda ba na sakawa ko an roƙe ni. Ban da maganin kashe ƙwayoyin cuta kowane iri: Ampiclox, Flagyl, da kafson nan ja da yalo da ake fasawa a barbaɗa a ciwo. Waɗannan sai likita ya rubuta, kuma shan su barkatai shi ya sa yanzu ake sha ba sa aiki. Ban da Ibuprofen da Diclofenac da danginsu, suna tayar da olsa, ba su kuma dace da mai ciki ba sai da izinin likita. Ban da asfirin, wanda ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16. Ban da Tramadol, ban da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana tun 2018. Ban da sirinji da allura. Ban da "haɗin" kemis da ake ƙullawa a farar leda babu suna babu kwanan wata.

Maganin maleriya ma ba na sakawa, kuma na san za a yi mini musu. Hujjata ita ce ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, gwajin yatsa kuma minti 15 zuwa 20 ne a asibitin unguwa. Idan maganin yana ajiye a ɗaki ba za a je gwajin ba. Maimakonsa ina haɗawa da gidan sauro mai magani, in ɗora a kan akwatin.

Inda za ki saya, da abin da za ki duba

Roba da almakashi da tocila a kasuwa. Magani da goz kuwa a famasi mai rajista, inda ake da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Kada ki saya a tire ko a baro. Galibin magunguna an rubuta a jikinsu a ajiye ƙasa da digiri 30, zafin Katsina kuwa a watan Afrilu da Mayu yana haura 40 a inuwa, balle abin da ya wuni a rana a bakin tasha.

Kowane kwali ki juya shi ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki nemi wanda ya rage masa aƙalla shekara ɗaya da rabi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to ban da tsohuwar ƙwaya. Wasu magungunan suna da wurin kankarewa, ki tura lambar da ta fito ta saƙon waya a gaya miki ko na gaskiya ne. Ki yi haka tun kina shagon. A bar kowane magani a kwalinsa da takardarsa. Kada ki ɓare ki zuba a kwalba don ya yi kyan gani.

Da kin dawo gida ki rarraba a ledoji masu zif: na yanka daban, na ƙuna daban, magunguna daban, ki rubuta suna a kowace. Mai jini a hannu ba ta da lokacin tone-tone.

Takardar cikin murfi

Wannan ita ce ainihin kyautar, sauran duk rakiya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, mutum kuma in ya ruɗe ko lambar mahaifiyarsa sai ta ɓace masa. Ki rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, ki kai shagon kwamfuta a buga a rufe da leda mai tauri, ki manne a cikin murfin.

Fuska ta farko lambobi ne. Ta ango, ta iyaye ɓangare biyu, ta wata ma'aikaciyar lafiya a dangi in akwai, da 112, layin gaggawa na ƙasa da ake kira kyauta. Ki bar layi biyu babu komai, ki rubuta a gefensu "maƙwabci mai mota" da "mai Napep na unguwa", su cike da kansu in sun zauna. A gaskiyar zamanmu, waɗannan biyun su ne motar asibitin yawancinmu. A ƙasa a rubuta asibiti mafi kusa da yake aiki da dare. A cikin Katsina akwai Babban Asibiti, da Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda har yanzu ake ce wa Medikal, da asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da ƙananan yara. Idan Daura za a kai ta, a rubuta Asibitin Tarayya na Daura, wanda a da ake kira Babban Asibitin Daura. Sai rukunin jinin kowannensu, da lalurar da yake da ita, da maganin da jikinsa ba ya so.

Fuska ta biyu, abin da za a yi a mintunan farko. Ga abin da nake rubutawa, a nan na ɗan faɗaɗa shi.

Ƙuna. Ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa, a yi ta kwarara a wurin har minti 20. Minti ashirin a agogo, ba a ƙiyasi ba, don yana da tsawo fiye da yadda ake zato. In babu famfo a tara roba a ƙasa, a riƙa zubawa da buta ko moɗa. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro da agogo tun wurin bai kumbura ba, amarya kuwa kin san hannunta ba ya rabo da su. Tufar da ta manne a fata kada a ja ta. Ban da makilin, ƙwai, manja, gishiri, kanwa, baƙin mai, ko toka. Idan ta yi bororo kada a fasa. A tafi asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi, ko ta wutar lantarki ce, ko yaro ne ya ƙone.

Idan mai ya kama wuta a kasko, a kashe risho a kifa murfi. Kada a watsa ruwa, wutar tashi za ta yi har rufi. Idan mayafi ko zane ya kama, kada a gudu, a kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe da bargo. Yaduddukan roba da ake yayi yanzu narkewa suke a jiki, gara ta shiga kicin da atamfa, ta kuma cire mayafi. In an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe tagogi, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana.

Yanka. A danna goz a wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba. In jini ya jiƙa shi a ɗora wani a kai. Da ya tsaya a wanke da ruwa mai tsabta a rufe. In ya ƙi tsayawa, ko bakin raunin ya buɗe, ko ƙusa ce ko wani ƙarfe mai datti, sai asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus. Abin da ya soke ya tsaya a jiki kada a zare shi a gida.

Haɓo, wanda yake yawa da hunturu da kuma tsananin zafi. A zauna a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba kamar yadda aka koya mana muna yara, a matse wuri mai laushi na hanci minti 10 zuwa 15, ana numfashi ta baki.

Maciji. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe, a hana gaɓar motsi kamar wadda ta karye, a ɗauki mutum zuwa asibiti, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa. Ko da bai ji komai ba a tafi, don dafin kububuwa yakan ɗauki lokaci kafin jini ya fara zuba. Kunama kuwa, ga babba a wanke, a sa tsumma mai sanyi, a sha farasitamol. Ƙaramin yaro a kai shi asibiti. Cizon kare, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, a tafi asibiti ranar, ko da ƙarzane ne.

Wanda ya sha kananzir ko fiya-fiya ko wani maganin ƙwari: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A ɗauki kwalbar abin da ya sha a tafi da ita.

Daga ƙarshe, da jan biro: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, suma, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, zubar jini ga mai ciki, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi ga mai ciki. Waɗannan ba a buɗe musu akwati, mota ake nema.

Yadda za ki miƙa shi

A nan ake yin ta. Karon farko da na kai irin wannan kyauta, a tsakar gida ranar wuni na ajiye ta cikin sauran kaya. Wata gwaggon amarya ta buɗe, ta ɗago bandeji da yatsa biyu, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, yarinya ko ɗakinta ba ta shiga ba kike mata fatan ciwo?" Na ce, "Allah ya kiyaye, Gwaggo. Ai ko mota sabuwa da tayar safaya take zuwa." Ta yi dariya, amma na ga abin bai kwanta mata ba, ni ma na koma gida jikina a sanyaye. Mu Katsinawa an ce kunya gare mu ba dai tsoro ba, to wannan kyauta ba ta son taro.

Saboda haka kada ki kai ranar kamu ko wuni, kada kuma ki ba 'yan jere. Su za su ɗora shi a kantar kicin don ado, kusa da risho, wuri mafi zafi a gidan. Ranar biki ki ba da ɗan abin da ya sawwaƙa, ko turaren wuta ne, don kada a ce ba a ga hannunki ba. Akwatin ki riƙe shi sai an watse, bayan kwana bakwai ko goma, lokacin zuwa ganin ɗaki. Ki naɗe shi a atamfa ko sabon tawul kamar kowace kyauta.

Ki zaɓi lokacin da ango yake gida, don rabin abin da ke takardar shi zai yi, ita ce za ta ji ciwon. In akwai kunya tsakaninku, ki tafi da mijinki ko yayan amarya ya yi masa bayani a falo. Ki fara da addu'a: Allah ya sa har ya lalace ba a buɗe shi ba. Wannan kalma ita take wanke zancen fata. Sannan ki zazzage komai a kan tabarma, ki ɗauka ɗaya-ɗaya. Ki sa ta auna zafin jikinta da kanta, ki nuna mata cewa daga digiri 38 zazzaɓi ne. Ki miƙa mata hannunki ta naɗa miki bandeji, daga wajen yatsu zuwa sama, ki nuna mata in farce ya canja launi ko yatsu sun yi sanyi to ya matse da yawa, a kwance a sake. Rabin awa ya isa. In ke ma ba ki iya ba, ki je wajen wata nas ta nuna miki tukuna. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da wannan aiki, a cikin 'yan agajin masallatai ma akwai waɗanda suka samu horo.

Kafin ki tashi ku zaɓi wurin ajiya tare. Ba kicin ba, ba banɗaki ba, ba bakin taga ba. Saman wadirof a uwar ɗaki ya fi, inda babu rana babu laima, hannun yaran dangi masu zuwa hutu kuma ba zai kai ba. Amma kada ya yi nisan da sai ta taka kujera da ƙonannen hannu. Duk wanda ke kwana a gidan ya san wurin.

Bayan wata shida

Ki sa wa wayarki tuni. In lokacin ya yi ki kira ta, "Ɗiyata, ɗauko akwatin nan ki karanto mini abin da ya ƙare." Za ki tarar farasitamol da filasta sun tafi, maƙwabta sun gano gidan da ake samu, almakashi kuma ya koma wajen yankan leda a kicin. A mayar da shi, a cike gurbin sauran, a gwada tocila da batirin ma'auni, a fitar da duk abin da kwanansa ya wuce.

In kuma a wannan kiran kin ji muryarta ta canja, tana ce miki ƙamshin girki yana tayar mata da zuciya, to ki tura ta awo da wuri, can za a ba ta folik asid da maganin ƙarin jini. Ke kuma ki fara tanadin cikon da za ki kai ranar suna: man kulohezidin na shafa wa cibiya, wanda asibitoci ke bayarwa maimakon gashi da tsumma ko toka, ƙwayar zinc da ake haɗawa da ORS in yaro yana gudawa, kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba, farasitamol na ruwa da cokalin awonsa, wanda ma'aikacin lafiya zai faɗi adadinsa gwargwadon nauyin yaron. A takardar murfi kuma a ƙara layi biyu. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai 38, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Yaron da yake jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi a tafi.